Rikicin Man Fetur na 1973 da Asalin Dokokin Tsimin Makamashi a Gine-gine

Manufar wannan takarda ita ce bin diddigin dokokin da suka ƙayyade yawan makamashin da gini zai ci, tare da nuna yadda al'amari guda ya kai ƙasashen Turai da Nijeriya ga tafarki mabambanta.

A watan Oktoba na 1973 ƙasashen Larabawa suka taƙaita sayar da mai, kuma cikin 'yan watanni farashin ganga ya tashi daga wajen dala 3 zuwa kusan dala 12. Da yake da mai ake ɗumama gidaje da yawa lokacin hunturu, sai hukumomi suka waiwayi bango da rufi da tagogi, inda zafi ke zurarewa. Faransa ta kafa dokarta ta farko a 1974, Jamus ta Yamma a 1977, Jihar Kalifoniya ta Amurka kuwa a 1978. Tsimin kuɗi ne makasudinsu a lokacin. Sai bayan yarjejeniyar Kiyoto ta 1997 aka ɗaura su sosai da rage hayaƙin da ke ɗumama duniya, har Tarayyar Turai ta wajabta wa gine-gine takardar shaidar cin makamashi a 2002.

A Nijeriya kuwa, tsadar nan arziki ta zamo. A 1975 ɗaruruwan jiragen ruwa maƙare da siminti suka cushe tashar Legas. Bulo da kwano da gilashi suka ci gaba da ture tubali da azara, alhali kaurin bangon soro shi ke tsare zafin rana, ya sake shi bayan dare ya yi. Sabon gini kuwa ba ya zaunuwa da bazara sai da fanka ko na'urar sanyaya ɗaki, waɗanda ke dogara ga lantarki ko janareta. Sai a 2017 Gwamnatin Tarayya ta fito da ƙa'idar tsimin makamashi a gine-gine, wadda ta taɓo girman tagogi da inuwa da rufi.

Abin lura a nan shi ne, gini yakan shekara hamsin ko fiye, don haka kuskuren magini na yau jikoki ne za su biya shi. Ya kamata hukumomin tsara birane na jihohi su aiwatar da wannan ƙa'ida, su kuma nemi shawarar magina na gargajiya, tun iliminsu bai salwanta ba.