Dariyar Jolly LLB da gawa shida na titin Lodhi

Ƴan uwa ɗalibai, wanda ya kalli fim ɗin Indiya Jolly LLB zai tuna alƙalin nan mai ƙiba, Saurabh Shukla, da yake ta masifa a kan kujerarsa, lauyoyi na cacar baki a gabansa. Mun sha dariya. Amma ƙarƙashin dariyar akwai gawa shida.

A watan Janairu 1999, da asuba, wata mota BMW ta taka mutane a titin Lodhi, birnin Delhi. Shida suka mutu, uku daga ciki ƴan sanda ne. Direban shi ne Sanjeev Nanda, jikan tsohon shugaban sojan ruwan Indiya. Da aka je jastis, shaidu suka fara janye magana, har aka ce ai kamyo ne ya yi ɓarnar. A 2007 gidan talabijin NDTV ya ɗauki hoto a ɓoye, aka ga lauyan Nanda da lauyan gwamnati suna ƙulla magana da babban shaida. A 2008 aka yanke masa shekara 5, kotun gaba ta maida 2. A 2012 Kotun Ƙoli ta bar shi a kan zaman da ya riga ya yi, ta ƙara masa tarar rupi miliyan 5 da aikin al'umma na shekara 2. Shekara 13 ke nan ana abu ɗaya!

Wannan tarihi ne Subhash Kapoor ya ɗauko a 2013. Ya maida BMW Land Cruiser, mamatan kuma lebura masu kwana bakin titi. Jolly (Arshad Warsi), ƙaramin lauya daga Meerut, neman suna ya kawo shi, har cin hanci ya karɓa kafin kunya ta kama shi, ya tsaya gaban babban lauya Rajpal (Boman Irani). Abin da ya fi burge ni ke nan: gwarzon ma ba tsarkakakke ba ne.

Inda na saɓa da fim ɗin shi ne ƙarshensa. An ɗaure ɗan mai kuɗi, mai kallo ya tashi da sanyin zuciya, alhali a shari'ar gaske shekara 2 aka biya ran mutum shida. Ku da ke karatun shari'a a Yamai, ku kalle shi, ku yi dariya, sannan ku nemi labarin titin Lodhi ku karanta.