Yadda Shuni Ya Sami Suna a Ƙasar Sifen

Ya ku 'yan makaranta, yau za mu bi sawun kalma guda, don mu ga irin nisan tafiyar da magana takan yi. Mutanen Sifen suna kiran launi na shida a cikin bakan gizo añil, watau shuɗi mai duhu, irin wanda muke ce wa shuni.

Asalin kalmar daga Hindu ne, inda aka daɗe ana noman baba. A tsohon harshensu na Sanskirit, nila shi ne shuɗi mai duhu. Farisawa suka saye rinin, suka ari sunan, suka ce nil. Daga gare su ya faɗa bakin Larabawa, suka ɗora masa alif da lam. To, duk wanda ya yi karatun allo ya san lam ba ta fita a gaban nun, sai a ce an-nil.

A shekarar 711 Musulmi suka ƙetare teku suka shiga Andalus, mulkinsu bai ƙare ba sai da birnin Garnaɗa ya faɗi a 1492. Sarauta ta tafi, kalma ta zauna. Marubutan Sifen kuwa, in sun zo ga n biyu a jere, sai su rubuta ɗaya, su ɗora mata 'yar alama a ka. Ta haka an-nil ta zama añil. Ashe shaddar Larabci ce ke zaune bisa harafin nan.

Daga nan kalmar ta shiga ɗakin masana. A 1840 wani masani, Fritzsche, ya tatso wani irin mai daga shuni, ya raɗa masa suna anilin, wanda ya zama tushen rinin kanti. A 1897 Jamusawa suka fara sayar da shunin inji, kafin 1914 noman baba a Hindu ya durƙushe. Sunan da baba ya haifa, shi aka sa wa abin da ya karya kasuwarsa.

Saboda haka in kun wuce marinar Ƙofar Mata a Kano, kada ku raina mai baƙin hannu don kun iya boko. Sana'arsa ce ta ba harsuna huɗu kalma. Allah ya sa mu gane.