Rigar Tallafin Baya: Mece Ce, Kuma Me Manomi Zai Koya Daga Gare Ta?

Ɗan'uwa manomi, in kana duƙawa kan fartanya tun safe har azahar, ko kana cicciɓar buhun masara a kasuwar Tudun Wada ta Zariya, ka san yadda ƙugu ke riƙewa da daddare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya, kuma shi ne kan gaba wajen hana mutane aiki. Wannan ne ya sa masana suka ƙero rigar tallafin baya, wadda wasu ke kira rigar mutum-mutumi.

Yadda take aiki

Ana yin ta ne da yadi mai ƙarfi, da maɗaurai a kafaɗa da cinyoyi. Idan ka sunkuya, wata igiya da ta bi bayanka takan miƙe, ta ɗauke wa naman bayanka wani kaso na nauyin. Idan za ka tashi, sai ta taya ka miƙewa. Akwai iri uku:

Mai batir. Tana da ɗan inji da na'urar da ke gane motsin jiki. Jami'ar Habad ta Amurka ta yi fice wajen bincikenta, kuma daga can kamfanin Verve Motion ya fito.

Mai iska. A Japan akwai Muscle Suit Every ta kamfanin Innophys, wadda ta fito a 2019. Da famfon hannu ake hura mata iska. Nauyinta kilo 3.8, kuma manoma na cikin masu amfani da ita.

Mai roba. Ba batir ba inji, sai igiyar roba, kamar Apex ta kamfanin HeroWear.

Abin da ba za ta yi maka ba

Rigar tana rage gajiya ne, amma nauyin buhu na nan yadda yake a kan gwiwa da gadon baya. Tana da tsada, kuma tana ƙara zafi a jiki, ballantana a ranar Maris da Afrilu. Kada kuma ka rikita ta da bel ɗin ƙugu da ake tallarsa a kasuwa. Tun 1994 hukumar lafiyar ma'aikata ta Amurka ta ce babu isasshiyar hujjar cewa irin wannan bel yana hana rauni.

Dabarar da za ka ɗauka yau

Sirrin rigar ɗaya ne: a rage wa ƙasan baya nauyi da yawan duƙawa. Wannan kuwa za ka iya yinsa ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba.

1. Rage nauyin buhu. Waccan hukuma ta Amurka ta sa kilo 23 a matsayin iyakar abin da mutum zai ɗaga ba fargaba, shi ma in komai ya yi daidai. Buhun takinmu kilo 50 ne, na masara kilo 100. Ka raba hatsi a ƙananan buhuna tun daga gona, ko ku kama ku biyu.

2. Ka durƙusa da gwiwa, bayanka a miƙe, ka rungumo kayan kusa da cikinka. Kada ka murɗa ƙugu da kaya a hannu. Juya da ƙafafunka.

3. Baro da kura da amalanke su yi maka dako. Ka jera buhuna a kan dakali ko katako, don kada kullum sai daga ƙasa za a ɗago.

4. Sa wa fartanya doguwar ƙota inda aikin ya yarda. A jihar Kalifoniya ta Amurka an haramta gajeriyar fartanya a gonaki tun 1975 saboda yadda take lalata bayan ma'aikata.

5. Injin feshi na goyo mai lita 16 ko 20 nauyi ne babba. Ɗaure maɗaurai biyun daidai, kuma ba dole sai ka cika shi fal ba.

6. Ka riƙa miƙewa kana ɗan tattaki tsakanin kunya da kunya. Yara kuma kada a ɗora musu buhu.

Shawara ga ƙungiyoyi

Idan wani ya kawo muku tallar irin wannan riga, kada ku yi gaggawar zuba kuɗin ƙungiya. Ku nemi a ba ku guda ɗaya gwaji a lokacin kaka, ku tambayi inda ake gyara da samun kayan canji. Ku kuma nemi shawarar injiniyoyin Cibiyar Binciken Aikin Gona ta IAR da malaman gona na NAERLS da ke Samaru. Sau da yawa baro biyu da ƙananan buhuna sun fi amfanar mambobi da yawa.

Yaushe za ka je asibiti?

In ciwon ya sauka ƙafa da kasala ko mutuwar jiki, ko fitsari ko bahaya ya fara kuɓuce maka, ko ka faɗi da kaya a ka, ka tafi asibiti nan take. Ka daina haɗiyar ƙwayoyin kashe zafi barkatai don ka koma gona, domin suna iya ɓata ciki da ƙoda. Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka.