Abin da rajistar haihuwa ta Zariya ta bayyana

Tsakanin shekarar 1976 da 1979, likitoci da ungozomomi na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka rubuta bayanin kowace haihuwa da aka yi a hannunsu, ɗaya bayan ɗaya, har suka kai 22,774. Jagoran aikin shi ne Farfesa Kelsey Harrison, likitan mata ɗan asalin jihar Ribas. An buga sakamakon a wata mujallar likitocin mata ta Ingila a 1985.

Mata fiye da 200 ne suka rasu a cikin waɗannan haihuwowi. Da aka duba ko su wane ne, sai aka ga mafi yawansu ba su taɓa zuwa awon ciki ba. An kawo su ne bayan naƙuda ta yi tsawo a gida, ko jini ya ɓalle, ko jijjiga ta kama su. Matan da suka yi awo tun da wuri, da wuya a sami mai rasuwa a cikinsu. Asibiti ɗaya ne, ma'aikata ɗaya, bambancin kawai lokacin isowa.

Haihuwar tagwaye ta fi kowace nuna wannan gaskiya. Sau da yawa Hassan kan fito a gida lafiya, sai Husaini ya tsaya. Da zarar na farko ya fita, mahaifa takan sami fili, na biyu ya juya ya kwanta a gicciye, bakin mahaifa ya fara rufewa, mabiyiya kuma ta fara ɓamɓaruwa, iskar da jariri ke samu ta ragu. A ɗakin haihuwa, gyaran kwanciyarsa aikin mintuna ne. A ƙauye kuwa sai an jira izinin maigida, an nemi mota, an haɗa kuɗi. Kafin a iso, sau da yawa jariri ya riga ya mutu, uwar kuma tana fuskantar fashewar mahaifa ko zubar jini, domin mahaifar da ta ɗauki biyu ba ta saurin tsukewa.

Harrison ya lura cewa matan da suka yi karatun boko sun fi zuwa awo, sun kuma fi tsira. Saboda haka ya dage cewa maganin mutuwar masu haihuwa yana farawa daga ilmantar da 'ya'ya mata, tun kafin a zo ga wuƙar tiyata.

A 1987 aka yi taron duniya a Nairobi kan kare rayukan iyaye mata, kuma alƙaluman Zariya na cikin hujjojin da suka ja hankalin duniya ga lamarin. Rajistar ta kuma amsa wa masu cewa asibiti wurin mutuwa ne: mafi yawan waɗanda suka cika a can, tun a gida da kan hanya aka yi asarar sa'o'in da za a cece su.