Ɗantata (sunan iyali)

Ɗantata suna ne na wani gidan attajirai a birnin Kano, Najeriya. Sunan ya samo asali daga Alhaji Alhassan Ɗantata (1877–1955), wanda a ƙarshen rayuwarsa ake ɗaukarsa a matsayin attajirin da ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma.

Asalin sunan

A al'adar Hausawa ta da, ba a cika gadon sunan iyali ba. Mutum yakan jingina sunansa da na mahaifinsa, ko garinsu, ko sana'arsa. Rajistar makarantun boko da takardun kasuwanci na zamanin Turawa ne suka sa wasu laƙabobi suka zauna suka zama sunan gida, kuma Ɗantata na daga cikinsu.

Abin lura shi ne sunan ba na uba ba ne. Ruwayar da ta fi shahara ta ce bayan rasuwar mahaifin Alhassan wajen shekarar 1885, mahaifiyarsa Amarya, wadda ita ma 'yar kasuwa ce, ta koma Ankara ta ƙasar Gana ta yanzu, ta bar 'ya'yanta a Bebeji a hannun wata tsohuwar baiwa mai suna Tata. Ita ta rene shi, sai mutane suka riƙa kiransa "ɗan Tata".

Kakannin farko

Gidan na cikin Agalawa, wata al'umma ta fatake da asalinta ke da alaƙa da Buzaye, waɗanda suka gangaro daga arewa suka zauna a ƙasar Katsina da ta Kano. Tare da Tokarawa da Kambarin Barebari, su ne suka riƙe fataucin goro zuwa Gwanja a ƙarni na 19.

Kakan da aka fi ambata shi ne Baba Talatin, ɗan wani mai suna Ali. Shi ya taso da iyalin daga Katsina zuwa Madobi. Ɗansa Abdullahi, mahaifin Alhassan, ya zama madugu, daga baya ya koma Bebeji da ke kan hanyar fatake, inda aka haifi Alhassan. Daga Ali zuwa baya, salsalar ba ta fita daga tarihin Agalawa na gaba ɗaya ba.

Yawancin wannan bayani daga bakin dattawa aka same shi, domin fatake ba su da kundin sarauta irin wanda ya adana sunayen sarakunan Kano. Masanin tarihi Paul Lovejoy ya yi amfani da irin waɗannan hirarraki a littafinsa Caravans of Kola na 1980. Saboda haka shekarun da ake bayarwa kafin zuwan Turawa a 1903 kintace ne, har da shekarar haihuwar Alhassan kansa.

Yaɗuwar sunan

Bayan isowar jirgin ƙasa Kano, Alhassan ya shiga cinikin gyaɗa, sunansa ya fara bayyana a takardun kamfanonin Turawa. A 1929, ya kai ajiyar kuɗin azurfa kayan raƙuma ashirin a banki a Kano. Ya rasu ranar 17 ga Agusta, 1955.

'Ya'yansa, irin su Sanusi da Aminu (1931–2025), sun ci gaba da amfani da sunan. Aliko Ɗangote jikan Sanusi ne ta wajen mahaifiyarsa Mariya, shi ya sa bai ɗauki sunan ba.