Kuɗin intanet tsakanin kamfanoni da bankuna

Mai karatu, idan aka yi maka zancen kuɗin intanet, ka fara tambaya: wane iri? Domin iri biyu ne, kuma halinsu ba ɗaya ba.

Na farko shi ne irin Bitcoin, wanda ya fara aiki a shekarar 2009. Ba shi da ofishi, ba shi da shugaba. Littafin lissafinsa yana rarrabe a dubban kwamfutoci cikin ƙasashe daban-daban. Na biyu kuwa kamfani ne ke fitar da shi, ya ɗaure darajarsa da dalar Amurka ko wani kuɗin ƙasa. USDT na kamfanin Tether shi ne mafi shahara. Wannan iri yana da mai shi, kuma mai shi yana iya daskarar da kuɗin mutum idan hukuma ta buƙata. Tether ya sha yin haka.

A watan Yunin 2019 kamfanin Facebook ya ba da sanarwar fitar da nasa kuɗin mai suna Libra. Gwamnatoci suka tashi tsaye. Faransa da Jamus suka ce buga kuɗi aikin ƙasa ne, ba na kamfani ba. Kafin ƙarshen Oktoba, PayPal da Visa da Mastercard sun janye hannu. An sauya masa suna zuwa Diem a 2020, sannan a farkon 2022 aka sayar da kadarorinsa ba tare da ya shiga hannun jama'a ba. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a nan ruwan ya doki har na gefe: fargabar Libra tana cikin abubuwan da suka sa Tarayyar Turai ta gaggauta dokar da ta zartar a 2023, wadda ta shafi kasuwannin da ake cinikin Bitcoin ma.

Ka lura da kyau, babu hukumar da za ta iya rufe Bitcoin kansa. Abin da ake rufewa shi ne ƙofar da ke tsakaninsa da kuɗin da kake sayen hatsi da shi, kuma mabuɗin wannan ƙofa yana hannun bankuna. Misali mafi kusa da ɗan kasuwar Maraɗi ko Damagaram shi ne Najeriya, inda abokan cinikinsa na Katsina da Kano suke. A Fabrairun 2021 Babban Bankin Najeriya ya umurci bankuna su rufe asusun masu hada-hadar kuɗin intanet. Ciniki bai tsaya ba. Sai dai ya koma hannu da hannu: mai saye ya tura naira ga mutumin da bai taɓa gani ba, ya jira a sakar masa kaya. A irin wannan duhu ne ƴan damfara suke samun abinci. An sassauta umurnin a Disambar 2023, amma a Maris na 2024 kasuwar Binance ta daina hulɗa da naira bayan saɓani da gwamnati.

Don haka kafin ka karɓi biyan kaya da irin wannan kuɗi, ka san ta inda za ka mayar da shi sefa, da wanda zai canja maka, da abin da zai cire. Ka kuma san wanda ke riƙe da mabuɗin sirri. Idan kuɗinka yana ajiye a wata kasuwar intanet, to alkawarin kamfani kawai kake riƙe da shi. Waɗanda suka yi ajiya a FTX sun ga haka lokacin da ta durƙushe a Nuwamban 2022. A Nijar, sefa kaɗai doka ta wajabta wa kowa karɓa. Bitcoin kuma idan ka tura shi bisa kuskure, babu ofishin da ke da ikon dawo maka da shi.