Daga ƙidayar matattu zuwa takardar kuɗin asibiti

A asibitocin Amurka akwai wasu ma'aikata da ba sa riƙe allura, ba sa ma ganin fuskar majiyyaci, amma in ba su yi aikinsu ba, likita ba zai ga ko sisi daga kamfanin inshora ba. Su ne masu sa wa cututtuka lamba. A ce mai juna biyu ta zo da zazzagowar mahaifa, wato tsokoki da jijiyoyin da ke riƙe da mahaifar sun saki har ta sauko, wani lokaci bakinta ya leƙo waje. Likita zai duba ta, ya rubuta abin da ya gani. Mai sa lamba kuma ya karanta, ya mayar da bayanin O34.522, idan cikin ya kai mako 14 amma bai cika 28 ba.

Sana'ar nan a bakin kabari ta samo asali. A ƙarni na 17, majami'un unguwannin Landan sukan fitar da jerin mamata duk mako, musamman don a san inda annoba ta dosa. Wasu tsofaffin mata ake aikawa su dubi gawa su faɗi abin da ya yi ajalinta, su kuwa ba likitoci ba ne. Shi ya sa a jerin ake cin karo da wanda haƙori ya kashe, da wanda baƙin ciki ya kashe, har da wanda aka ce tauraro ne ya buge shi. Matan da suka rasu wajen haihuwa kuwa, jibge su aka yi a ƙarƙashin suna ɗaya, ba ruwan kowa da ko jini ne ya ɓalle ko zazzaɓi ne. Wani ɗan kasuwa, John Graunt, ya tattara waɗannan takardu na shekaru, ya fitar da littafi a kansu a 1662. Daga nan aka gane cewa mutuwa ma tana da lissafi.

William Farr, likitan da ya kama aiki a ofishin rajistar haihuwa da mutuwa na Ingila a 1839, ya koka cewa cuta ɗaya takan sami suna uku ko huɗu, suna ɗaya kuma a laƙaba shi ga cututtuka daban-daban. Jacques Bertillon, shugaban ƙididdiga na birnin Faris, shi ya tsara jerin da taron masana ƙididdiga ya amince da shi a Shikago a 1893. An yi masa gyaran farko a Faris a 1900.

Amma duk wannan jerin sanadin mutuwa ne. Larura irin zazzagowar mahaifa, wadda ke hana mace sukunin tafiya da fitsari amma ba ta cika kisa ba, ba ta da wani muhimmanci a cikinsa. Sai a 1948, da Hukumar Lafiya ta Duniya ta karɓi aikin, bugu na shida ya haɗa har da cututtukan masu rai. Wannan kundi ne ake kira ICD.

Kuɗi suka shigo daga baya, kuma da suka shigo sai suka mamaye gidan. A 1965 gwamnatin Amurka ta kafa Medicare domin tsofaffi da Medicaid domin masu ƙaramin ƙarfi; na biyun ne ke biyan kuɗin kusan haihuwa 4 cikin kowace 10 a ƙasar a yau. A 1966 ƙungiyar likitocin Amurka ta fito da CPT, lambobin ayyukan da likita ya yi. A 1983 kuma Medicare ya fara biyan asibiti tsayayyen kuɗi gwargwadon rukunin da cutar ta faɗa. Tun daga lokacin, mai sa lamba ya tashi daga ɗakin ajiyar fayil ya zama ginshiƙin baitulmalin asibiti.

A tsohon kundin Amurka, ICD-9-CM, zazzagowar mahaifa mai ɗauke da ciki tana cakuɗe da wasu larurori a ƙarƙashin 654.4. Ranar 1 ga Oktoban 2015, bayan ɗage-ɗage har da wanda majalisar dokoki ta yi a 2014, ƙasar ta koma ICD-10-CM, lambobi suka tashi daga kimanin 14,000 zuwa kusan 68,000. Yanzu idan matar ba ta da ciki, a rukunin N81 za a sa ta. In tana da ciki, kundin ya hana amfani da N81, sai O34.52, sannan alƙalamin ƙarshe ya nuna zangon cikin: 1 kafin mako 14, 3 daga mako 28, 9 idan likita bai faɗa ba. A ƙara wata lambar daga rukunin Z3A mai nuna ainihin makon. Idan an sa mata zoben da ke tallafe mahaifa, wanda shi aka fi yi tunda akan jinkirta tiyata sai bayan haihuwa, aikin yana da tasa lambar, 57160. Kuskure ɗaya a nan na iya sa kamfanin inshora ya dawo da takardar, wani lokaci har takardar bashi ta isa gidan matar alhali tana fama da kanta.

Wannan ƙwanƙwancewa tana da amfani. Larurar ba ta da yawa a lokacin goyon ciki, don haka mai bincike ba zai iya tara isassun mata ba sai ta hanyar lamba guda da kowane asibiti ke amfani da ita. Sai dai bayanin da aka rubuta don a biya kuɗi yakan karkata zuwa inda kuɗin yake, kuma mai karanta irin waɗannan alƙaluma dole ya yi hattara.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ICD-11 a 2019, ya fara aiki a Janairun 2022. Asibitocin Amurka har yanzu suna kan nasu bugu na goma, wanda ake sabuntawa kowace ranar 1 ga Oktoba.